"Has vomited" ko "vomited"? Jan biron sista ya hana ni sakat a rahoton dare

Nas Mai Aikin Dare ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu ilimin Turanci, musamman malaman makaranta.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin kwanciya na maza a wani asibitin gwamnati, shekarata huɗu ke nan da fara aiki. Duk wadda ta kwana aiki, kafin ta miƙa wa masu safe sai ta rubuta rahoton kowane majinyaci a babban littafi, kuma da Turanci ake rubutawa. Makon jiya an kwantar mana da wani dattijo mai zazzaɓin cizon sauro, ya yi amai wajen ƙarfe biyun dare. Na rubuta: "The patient has vomited at 2am." Da gari ya waye babbar sistarmu ta ɗauki jan biro ta soke "has", ta bar "vomited" shi kaɗai. Layi uku a ƙasa na rubuta game da mutumin gado na bakwai: "He did not eat since yesterday." Nan kuma ta soke "did not eat" ta rubuta "has not eaten". Wato a sama ta cire min "has", a ƙasa ta sa min shi. Na tambaye ta dalili, ta ce haka ake faɗa, kunne ne ke ji, ta bi likita zagaye.

Gyaran bai ɓata min rai ba, don ta fi ni sani kuma ta girme ni a aiki. Abin da ke damuna shi ne ban san dokar ba, gobe ma zan sake. A Hausa "ya yi amai" ne kawai, ko ɗazu ne ko bara. Kuma rahoton nan ba rubutun jarrabawa ba ne, likita na karanta shi ya yanke shawarar magani. Ina tsoron ranar da zan rubuta abu ya fahimci wani abu dabam.

Sai kuma "had". Ina ganin wasu abokan aikina na zuba shi a kowane layi: "he had taken his drugs", "he had slept well". Sun ce ya fi nuna an iya Turanci. Gaskiya ne? Don Allah a yi min bayani da Hausa, don littattafan da na duba da Turanci suke bayanin Turanci, sai in ƙara rikicewa.

Tsohon Malamin Turanci ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya saka muku da alheri kan wannan aiki na dare. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina koyar da Turanci a sakandare kafin in yi ritaya, kuma kuskuren da kika kawo shi na fi gyarawa a rayuwata, daga 'yan aji ɗaya har masu shirin WAEC. Sistarki ta yi daidai a wuri biyun. Amma ba kunne kaɗai ba ne, akwai doka, kuma ba ta da tsawo.

Bari in fara daga Hausarmu, don a nan tushen abin yake. Mu aikatau ɗinmu ba ya sauya kama saboda lokaci. "Tafi" na nan "tafi" jiya da yau da gobe. Ɗan wakilin sunan da ke gabansa ne ke ɗaukar kayan: ya tafi, yana tafiya, yakan tafi, zai tafi. Kuma in kin lura, abin da Hausa ta fi damuwa da shi ba yaushe aka yi ba ne, a'a, an gama ko ba a gama ba. Shi ya sa za ki ce "jiya da likita ya shigo ina wanke hannu", ki yi amfani da "ina" ɗin da kike faɗa yanzu, ba wanda zai ce kin yi kuskure. Har ma za ki ce "kafin ki zo gobe na gama", ki ɗora "na gama" a kan abin da bai ma faru ba. Bature kuwa dole aikatau ɗinsa ya nuna lokaci a jikinsa, sannan ya tambayi kansa wata tambaya da mu ba ma yi: lokacin da nake magana a kai, an rufe shi ko yana buɗe har yanzu?

Ƙarfe biyun dare lokaci ne da ya zo ya wuce, an rufe ƙofarsa. Da zarar kin ambaci irin wannan lokaci, "at 2am", "yesterday", "last week", "in 2019", "two hours ago", to "has" ba shi da wurin zama. Sai "vomited" tsurarsa. Shi kuwa "since yesterday" tamkar igiya ce da aka ɗaure bakinta ɗaya a jiya, ɗaya bakin yana hannunki a lokacin da kike rubutu. Mutumin gado na bakwai bai ci ba jiya, bai ci ba da dare, har yanzu bai ci ba. Lokacin na buɗe, don haka "has not eaten". Duk inda a Hausa za ki ce "tun", "har yanzu", "tukuna", ko "taɓa", ki sa ran "has" ko "have". "Bai farka ba tukuna": "He has not woken up yet." "Ka taɓa kwanciya a asibiti?": "Have you ever been admitted?"

Yanzu ki duba waɗannan jimloli uku, don a nan tsoron da kika ambata yake da gaskiya. "He vomited at 2am" na gaya wa likita cewa ya yi amai a wannan lokaci, labari ya ƙare. "He has vomited three times tonight" na cewa sau uku zuwa yanzu, kuma daren bai ƙare ba, yana iya ƙarawa. "He has been vomiting since 2am" na cewa tun ƙarfe biyu yake ta amai bai tsaya ba. Likitan da ya karanta ta farko zai iya wucewa gado na gaba. Wanda ya karanta ta uku zai fara tunanin ƙarin ruwa. To kin ga ba ado ba ne.

Akwai wata dabara da na daɗe ina ba ɗalibaina. A nahawun Hausa muna da shuɗaɗɗen lokaci iri biyu: na "sun zo, mun gani, an yi", da kuma na "suka zo, muka gani, aka yi". Idan kina jero labari, wannan ya faru sai wannan ya biyo, da na biyun kike amfani: "sai ya yi amai, muka kira likita, aka sa masa ruwa, ya samu barci." Duk inda labarinki ke tafiya da "sai muka" da "sai aka", Turancinsa ba "has" ba "had": "he vomited, we called the doctor, he was put on a drip, he slept." Rahoton dare kuwa kusan dukkansa irin wannan jeren ne. Ki faɗa a zuci da Hausa tukuna, ki mai da mai aikin jam'i ki ji. In bakinki ya kawo "suka", kin san inda kika dosa. In ya kawo "sun", to ki tsaya ki duba ko kin ambaci lokaci rufaffe, domin "sun" ɗinmu yana ɗaukar ma'ana biyun.

Batun "had" kuma, abokan aikinki sun ɓata hanya. "Had" ba rawani ba ne da ake naɗa wa jimla don ta yi kwarjini. Aikinsa ɗaya: kina cikin labarin abin da ya wuce, sai ki koma baya ki ɗauko abin da ya riga shi faruwa. Shi ne "riga" ɗinmu. "Kafin likita ya iso, ya riga ya yi amai sau biyu": "He had vomited twice before the doctor arrived." Dole a samu abubuwa biyu da suka wuce, ɗaya na gaban ɗaya. Wanda ya rubuta "he had slept well" ya ajiye biro, ya bar mai karatu na jiran sauran magana: ya yi barci kafin me? "He slept well" ya wadatar.

Ɗan Maraɗi ya amsa:

Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni a Nijar na yi karatu, da Faransanci, sai da na fara harkar kaya tsakanin Maraɗi da Kano da Legas na koyi Turanci, ina da shekara kusan talatin. Wannan "has" ya wahalar da mu fiye da ku, don mu Faransanci ne ke ja mana ƙafa. A Faransanci abin da ya wuce yawanci da kalmar "avoir" ake gina shi a maganar yau da kullum, wato daidai da "have", kuma ba ruwansa da ko ka ambaci jiya. "Je l'ai vu hier" daidai ne ɗari bisa ɗari. Sai mutum ya kwafe shi kalma da kalma ya ce "I have seen him yesterday", ya ga ai siffarsu ɗaya. Na yi shekaru ina tura wa masu kaya saƙo "I have sent the money on Monday", kuma suna ganewa, ba wanda ya gyara min, sai wani yaro ɗan jami'a da ke riƙe min lissafi ya nuna min.

Na biyu shi ne haihuwa. Faransanci na cewa "je suis né", sai mu ce "I am born in Maradi". Daidai shi ne "I was born". Malama nas, wannan zai shafe ki, don duk "an" da "aka" na Hausa da kuke yawan faɗa a asibiti, an ba shi magani, an kwantar da shi, an sallame shi, da "was" ake yin su in an faɗi lokaci: "he was given paracetamol at 4am", "he was admitted on Tuesday". In ba a faɗi lokaci ba, ana nufin dai an riga an yi kada a sake, sai "he has been given his drugs".

Jimlar da na haddace na riƙa auna sauran da ita ita ce ta 'yancin kai. "Niger became independent in 1960." "Niger has been independent since 1960." Shekara ɗaya ce, magana ɗaya ce, amma "in" ya rufe, "since" ya bar ta buɗe har yau. Ku ma 1960 ɗin ce, mu 3 ga Agusta, ku 1 ga Oktoba, don haka kina iya sa Najeriya a wurin.

Direba a Amurka ya amsa:

Ina girmama Malam, amma a daina tsorata baiwar Allah. Shekarata tara a nan, kullum ina ɗaukar Turawa a mota. Za ka ji mutum ya ce "I already ate", "Did you eat yet?", "I just saw him", ba "have" ba komai, kuma harshen uwarsa ne. In masu abin ba su damu ba, mu me ya dame mu?

Tsohon Malamin Turanci ya amsa:

Abin da ka ji gaskiya ne, ɗana, ba musu. Mutanen Amurka sukan sauke "have" tare da "already" da "yet" da "just", inda mutanen Ingila suka fi cewa "I have already eaten". Har siffar wasu kalmomi ta bambanta, Amurka na da "gotten" inda Ingila ke cewa "got". Amma ka lura da wajen da sassaucin ya karkata. Suna cire "have" a inda Ingila ke sa shi. Ba sa ƙara shi a inda bai dace ba. Ka saurara da kyau a motarka, ba za ka ji ɗan ƙasar ya ce "I have seen him yesterday" ba. Kuskuren farko na 'yarmu kuskure ne a Landan, kuskure ne a can wurinku. Sannan Turancin makarantunmu da ofisoshinmu da jarrabawar WAEC da NECO na Ingila muka gada, shi za a auna ta da shi. Kuma hirar mota dabam, littafin da za a iya buɗewa bayan wata shida a bincika abin da ya faru da majinyaci dabam.

Malamar Islamiyya ta amsa:

'Yar'uwa, in kin yi nahawun Larabci ko kaɗan, kina da tsani a hannunki. Ni ta nan na gane. A Larabci "kataba" ya rubuta ne. In ka sa "kana" a gaban mudari'i, wato siffar aikatau ta abin da ake cikin yi, ka ce "kana yaktubu", ya zama yana rubutu a can baya, shi ne "he was writing". In ka ce "kana ƙad kataba", ya riga ya rubuta, shi ne "he had written". Mu Hausawa ba mu da wannan "kana" ɗin, shi ya sa muke mance "was". Ɗalibaina mata da ke zuwa boko da safe sukan kawo min aikin gida, in ga "when the teacher came I am sweeping". Hausar da ke kansu lafiyarta lau, "da malam ya zo ina shara", amma Turanci na son "I was sweeping".

Wanda ya fi burge ni shi ne korewa. Mun san "lam yaktub" na nufin bai rubuta ba, alhali "yaktub" ba siffar fi'ili madi, wato shuɗaɗɗen aikatau, ba ce. "Lam" ce ta ɗauke nauyin lokacin. Haka "did" yake yi. Da zarar ya shigo, ya kwashe alamar shuɗewa, aikatau ya koma yadda yake a asali. "He did not eat", ba "he did not ate" ba. "Did he sleep?", ba "did he slept?" ba. Jaki ɗaya ake ɗora wa kayan, ba a raba wa biyu.

Nas Mai Aikin Dare ta rubuta:

Baba Malam, Allah ya saka da Aljanna, ya ƙara nisan kwana. Na gode muku duka. Jiya na kwana aiki, na gwada dabarar "suka" da "sun". Ga abin da na rubuta kan wani saurayi da aka kawo daga haɗarin babur, don Allah a duba min:

"The patient was brought in at 11pm. He had lost a lot of blood before he arrived. The wound was dressed and he was given an injection. He felt down at 3am while he was going to the toilet. He has not passed urine since midnight. He lied on his left side till morning."

Sista ba ta taɓa "had" da "has" ɗina ba yau, wallahi har na ji daɗi. Amma ta ja layi a ƙarƙashin kalma biyu ba ta ce komai ba. Kuma ina da ƙarin tambaya: me ya sa wasu kalmomi ba sa karɓar "ed"? Ta yaya zan san su?

Tsohon Malamin Turanci ya amsa:

Madalla, 'yata. Lokutanki duka sun zauna. "Had lost" ya samu abokinsa "arrived", "has not passed" ya samu "since", "was going" ya nuna abin da yake cikin yi lokacin da wani abu ya katse shi. Da ɗalibata ce ke da na ba ki maki mai kyau.

Kalmomi biyun da sista ta ja wa layi su ne "felt" da "lied". "Felt" daga "feel" yake, wato ji. Faɗuwa kuwa "fall" ce, shuɗaɗɗenta "fell", in da "has" a gaba "fallen". Don haka "he fell down at 3am". Wannan ki kiyaye shi sosai, domin "felt down" magana ce mai ma'ana a Turanci, tana nufin ransa ya ɓaci, ya ji ba daɗi a zuciya. Likita na iya karantawa ya wuce, bai san mai rauni ya faɗi ƙasa ba balle ya duba kansa. "Lied" kuma na nufin ya yi ƙarya. Kwanciya "lie" ce ita ma, amma shuɗaɗɗenta "lay": "he lay on his left side". Wannan kalma har Turawan kansu tana rikita su, don akwai wata "lay" ɗin dabam mai nufin ajiye abu, wadda shuɗaɗɗenta "laid" ne.

Dalilin da ya sa ba sa karɓar "ed" tarihi ne. A tsohon Turanci aikatau da yawa da sauya wasalin ciki suke nuna lokaci, kamar "sing, sang, sung" da "drink, drank, drunk", irin yadda Jamusanci ke yi har yau, don dangi ne. Da tafiya ta yi nisa yawancin kalmomi suka koma bin "ed", kuma duk sabuwar kalma shi take bi. Waɗanda suka ƙi sauyawa su ne waɗanda baki ya fi sabawa da su, ci, sha, zuwa, gani, barci. Wasu ma aro suka yi: "went" asalinsa ba ɗan gidan "go" ba ne, daga wata tsohuwar kalma "wend" aka ɗauko shi. Masu taurin kan nan sun kai wajen 200, kuma ba dokar da za ta fitar miki da su, sai hadda, kamar yadda ba dokar da za ta gaya wa baƙo cewa jam'in "sarki" "sarakuna" ne, na "gida" kuma "gidaje".

Amma kada ki ɗauki jerin 200 ki zauna. Ki samu ƙaramar takarda ki rubuta na ɗakinku kaɗai, siffa uku-uku: "bleed, bled, bled", "take, took, taken", "give, gave, given", "eat, ate, eaten", "wake, woke, woken", "sleep, slept, slept", "break, broke, broken", "bring, brought, brought". Siffa ta biyu ita ke tsayawa da ƙafarta, ta uku sai da "has" ko "had" ko "was" a gabanta. Akwai kuma waɗanda ba sa motsi ko kaɗan, "cut", "put", "hurt", kada ki kuskura ki rubuta "cutted". Ki manna takardar a cikin murfin littafin rahoto, inda idonki zai riƙa faɗawa kanta kowane dare.

In kin kwana aiki ran Alhamis, ki kawo min na wannan saurayin in ga yadda ya kwana, da kuma ko ya yi fitsarin. Allah ya ba shi lafiya.